Ƙyallayen ƙasan keke: za su iya zama kyautar suna?

Tambaya: Assalamu alaikum Hajiya. Ni mai ɗinki ce a Garwa ta ƙasar Kamaru, shekarata shida a kan keke. Duk bayan sallah sai in tara ƙyallaye buhu guda, atamfa da shadda da yadi, wasu in ba masu cusa matashi, sauran in ƙone. Na ga hotuna a Facebook na matan ƙasashen waje da ke harhaɗa irinsu su yi bargo ko abin ratayewa a bango, wasu har da zanen fenti a kai. Yayata za ta haihu cikin sanyi, ina so in yi wa jaririn irinsa. Na gwada sau ɗaya ya fito a karkace, da na wanke kuma ja ya zuba a kan fari. Ina kuma tsoron ranar suna dangin miji su ce tsumma na kawo don ba ni da kuɗin turmi. Ta ina zan fara? Wane fenti ake sawa?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sauki yayarki lafiya, ya raya abin da za a samu.

Bari in fara da tsoron naki, don shi ne zai hana ki ɗaukar almakashi. In an yi hawan sallah a Garwa, ki tsaya ki dubi dawakin da aka yi wa lifidi. Mene ne lifidi? Yadi ne sama, yadi ƙasa, an cusa audugar rimi a tsakani, an bi da allura layi-layi don kada audugar ta gudu. Fuskarsa kuwa sau da yawa ƙananan ƙyallaye ne masu kusurwa uku, ja da rawaya da shuɗi da fari, an jera su da lissafi. Da shi mahayan Borno da ƙasar Hausa da na lamidan Fulani suke kare kansu da dawakinsu daga kibiya a zamanin da. Wannan aikin da kika gani a waya kika ɗauka na Turawa ne, shi ne a jikin dokin sarki, kuma ban taɓa jin wanda ya kira shi tsumma ba. A Sudan ma, mabiya Mahadi a shekarun 1880 sun fara sa jibba mai maho don nuna gudun duniya, daga baya teloli suka riƙa yanka mahon da gangan suna daidaita na dama da na hagu, har ya zama ado. A Amurka akwai wani ƙauye a jihar Alabama, Gee's Bend, inda mata baƙar fata jikokin bayi suka daɗe suna harhaɗa tsofaffin kayan aikin gona su yi abin rufa saboda sanyi. A 2002 aka rataye aikinsu a manyan gidajen nunin zane na Houston da New York, a 2006 ya hau kan sarki na gidan waya.

Abin da ya raba tsumma da kayan ado shi ne ido ya ga an zaɓa. In mutum ya duba ya ga kowane ƙyalle an ajiye shi inda yake da gangan, kusurwa ta haɗu da kusurwa, baki ya kwanta lafiya, bakinsa zai mutu. In ya ga an kwaso abin da hannu ya taɓa an sa a keke, to gaskiyar dangin miji ce.

Saboda haka aikin farko ba a kan keke yake ba. Ki zazzage buhun a tabarma ki ware. Auduga gefe guda, mai roba da santsi gefe guda, leshi da mai duwatsu ki mayar buhu. In kina shakkar wani yadi, ki yanki ɗan zare ki kusanta shi da ashana: auduga tana ci kamar takarda ta bar toka mai laushi, roba kuwa narkewa take ta dunƙule ta yi tauri. Kada ki haɗa su a aiki ɗaya, domin auduga tana ja da baya a wankin farko, roba ba ta ja, sai ki ga bargon ya tattare a wani wuri ya saki a wani. Shadda auduga ce, amma ƙyallinta na sitaci da bugu ne, wanki zai tafi da shi, kuma rininta ya fi na atamfa saurin zuba.

Shi ne ya cuce ki a gwajin farko. Kowane ƙyalle a wanke shi tun kafin a yanka, launi-launi, ja daban, shuɗi daban. Ki jiƙa a ruwan ɗumi da sabulu, ki ɗauraye har ruwa ya fito fes, sannan ki goga shi da danshinsa a kan farin ƙyalle. In ya bar tabo bayan wanki biyu ko uku, ki haƙura da shi komai kyansa. Za a ce miki ki zuba gishiri ya kama rinin. Na sha gwadawa, gishiri yana da amfani a tukunyar rini, amma yadin da ya riga ya fito daga masana'anta yana zuba, ba ya tsayar da shi.

Karkacewar kuma daga yanka take. Yadi yana da zaren tsaye da zaren kwance. In kika ja shi ta ɗayansu ba ya miƙewa sosai, in kika ja ta kusurwa sai ya biyo ki kamar danko. Ƙyallen tela yawanci ragowar wuya ne da hammata, an yanko shi a baibai, shi ya sa in kin bi siffarsa kika ɗinka sai ya murɗe. Ki yanka kwali murabba'i, santimita 12 ta kowane gefe, ki ɗora shi daidai da zaren yadin, ki zagaye da alli, ki yanka. Santimita 1 na kowane gefe na cin ɗinki ne, saura 10 a fuska. Bargon jariri mai faɗin santimita 90 da tsawon 120 zai ci layi 12, kowane layi ƙyalle 9, jimilla 108. Ki manna ɗan salatef a farantin keke daidai santimita 1 daga allura, ki riƙa bin bakinsa. Kuskuren milimita 2 a kowane haɗi ba ya ganuwa, amma kafin ki kai ƙarshen layi ya haura santimita ɗaya da rabi, layi na gaba ba zai zauna a kansa ba. Kuma ki ajiye dutsen guga kusa da ke, ko na gawayi ne. Duk layin da kika gama ki kwantar da haɗinsa, na farko ya kalli dama, na biyu hagu, don in sun haɗu su shige juna kada su yi tudu. Masu kusurwa uku irin na lifidi ki bar su sai aiki na biyu ko na uku, domin dogon gefensu a baibai yake.

Yanzu wurin da na fi so, wato jeri. Atamfa mai surutu ce. In kika jera guda goma kusa da juna kowace tana magana, ido ba zai ji ko ɗaya ba, kamar gidan biki ne kowa ya riƙe lasifika. Ki ba su wurin numfashi: tsakanin kowane ƙyallen atamfa ki sa yadi mara zane, fari ko ruwan madara ko shuɗi mai duhu. Wannan kam ko saya za ki yi, yadi biyu ya isa. Ni nakan so saƙar hannu ta auduga da ake samu a kasuwar Marwa, wadda Fulani ke kira leppi, don kaushinta yana kwantar da ƙyallin atamfa, sai dai ta fi kowane yadi ja da baya, wanki biyu take so. Ki zaɓi launi biyu ko uku su yi mulki, sauran su yi rakiya. Ki shimfiɗa duka 108 a ƙasa kafin ki ɗinka ko ɗaya, ki hau kujera ki ɗauki hoto da waya, ki mai da hoton baƙi da fari. Nan za ki ga inda duhu ya taru a gefe guda ya bar ɗaya gefen fayau. Ki sauya, ki sake ɗauka. Nakan bar nawa ya kwana biyu a shimfiɗe ina wucewa ina taɓawa, kuma ban taɓa yin nadamar wannan jinkirin ba.

Abin da za ki sa a tsakiya, kada ki yi koyi da lifidi a nan. Audugar rimi tana da santsi, tana gudu, kuma ba ta son wanki, ga shi kayan jariri kullum a ruwa suke. Audugar gona da aka saɓa da hannu ita ma tana dunƙulewa. Sanyin Garwa na Disamba da Janairu na dare da asuba ne, kafin Maris zafi ya dawo da ƙarfinsa, don haka tsohon zanen auduga ɗaya ko biyu da ya sha wanki ya yi laushi ya wadatar. Da yayarki a Ngaundare take, can kan tudu inda sanyi ya fi kama jiki, da na ce ki sa siririn bargo. Ki shimfiɗa shafi a ƙasa, zanen a tsakiya, fuskar a sama, ki kama su da dogon ɗinkin wucin gadi daga tsakiya zuwa baki. Sannan ki bi da ɗinkin gaske, shi ma daga tsakiya, kada tazarar layi da layi ta wuce faɗin tafin hannu. Keke zai yi, amma ɗinkin hannu da zare mai kauri irin na masu hula ya fi kyau nesa, kuma shi ne abin da tsofaffi za su fara shafawa. Bakin ki naɗe shi da doguwar tsiri mai launi ɗaya. Ba maɓalli, ba dutsen ado, ba abin da yaro zai tsinke ya kai baki. Ki gaya wa yayarki a watannin farko shimfiɗa ce da abin ɗauka, kada a lulluɓe fuskar jariri da shi yana barci.

Fenti kuwa, a wannan na jaririn ki bar shi. In kina son rubutu ki yi da zare. Ki bar ƙyalle ɗaya mara zane a kusurwa, tunda ba a san suna ba sai an raɗa, bayan suna ki karɓo ki ɗinka. In sunan yana ɗauke da sunan Allah, kamar Abdullahi ko Abdurrahman, ki sa ranar haihuwa kawai, domin abin da za a yi wa fitsari ne. Haka aya, kada ta hau abin shimfiɗa.

Na bango shi ne filin fenti. Wanda za ki nema akirilik ne, wanda ake sirkawa da ruwa, ko fentin yadi da masu rubutu a riga ke amfani da shi, wanda ake bin bayansa da guga in ya bushe don ya kama. Fentin mai na ƙofa da taga ki nisance shi: man yana malala ya yi da'ira, yadin ya sandare, da daɗewa kuma ya ci zaren. Tawadar allo ta gawayi da ƙaro don a wanke aka yi ta, danshin damina kaɗai ya isa ya ɓata miki aiki. Ki wanke sitacin yadin tukun, ki ɗame shi a kan katako, ki fitar da zanen da fensir, ki shafa fentin siriri sau biyu maimakon mai kauri sau ɗaya da zai tsattsage in an naɗe. Cikin hunturu akirilik yana bushewa a kan buroshi tun kina tunani, don haka ki matso kaɗan-kaɗan a kan jiƙaƙƙen ƙyalle a faranti. Ki yi zanen kafin ki haɗa shi da sauran, in ya ɓaci ƙyalle ɗaya kika rasa.

Me za ki zana? Kada ki kwafi gidan ƙanƙara da furen da ba ki taɓa gani ba. Ga dagi, ga aska takwas ta babbar riga, ga zayyanar allon sauka, ga kogin Binuwai da kwale-kwale da yamma, ga dutsen Mindif da na Rumsiki. A Gawi, kusa da Njamena, matan Kotoko da launin ƙasa suke ƙawata bangon gidajensu, kuma ko a hoto kika gani za ki koyi yadda launi uku ke cika bango. Gidaje da yawa a nan ba sa rataye surar mai rai, ki san gidan da za ki kai wa. In an rataye, a nisanta shi daga inda rana ke faɗawa, don tana cin ja da shuɗin atamfa da sauri, kuma a ɗan raba shi da bangon ƙasa saboda gara.

Abu ɗaya nake roƙonki. Ki je wurin mahaifiyarku, in tana raye, ki roƙi tsohon zanenta guda wanda yayarki ta sani, ki sa ƙyalle huɗu ko biyar nasa a ciki. Lokacin da 'yata ta yi haihuwar fari, mahaifiyata ta shekara biyu da rasuwa. Na yanka wani koren zanenta na zuwa gidan suna na sa a kusurwoyi huɗu. Da aka warware a ɗaki, ƙanwar marigayiyar ce ta fara ganewa, ta ɗora hannu a kai ta kira sunanta ta fashe da kuka. An kawo turame da yawa ran nan, yau ban san inda ko ɗaya yake ba, wannan kuwa ya ɗauki jikoki uku.

Ranar kaiwa ki wanke shi, ki goge, ki turara, ki ninke fuskar tana waje, ki ɗora sabulu da man jariri a kai yadda aka saba. In wata ta ce ki yi mata irinsa, kada ki ce ai ƙyalle kyauta ne. Ki lissafa yadi da zare da kwanakin da kika zauna, ki auna da abin da za ki samu a ɗinkin riguna cikin waɗannan kwanaki, ki faɗi kuɗinki a sefa ba kunya. In kina yanka 12 kullum bayan la'asar, kwana tara kin gama yanka. Ki turo mini hoton jerin yana ƙasa kafin ki kai shi keke, mu duba tare.