Tambaya da Amsa: Wace takarda ta dace da hoto baƙi da fari?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara basira. Ni mai ɗaukar hoto ne a nan Damagaram, shagona yana Zango. Shekara uku ke nan ina tara hotunan hawan sallah a ƙofar fadar Sarki, da na dattawan majema, da na tsoffin gidajen Birni masu zane a fuska. Ina so in wanke guda 20 daga ciki baƙi da fari, manya, in baje su jama'a su gani, wanda ya so ya saya. Injina na tawadar rini ne mai launi shida. Da na gwada a takardar da nake wanke hotunan biki, sai hoton ya fito da ratsin kore. Da wani abokina ya ba ni takardar auduga marar sheƙi, sai fuskokin dattawan suka dushe kamar an shafa musu toka. Wace takarda zan nema, tun da sai an aiko mini da ita daga nesa, kuma kuɗinta ba kaɗan ba ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya sa albarka a wannan aiki. Kafin ka aika da ko dala ɗaya, ya kamata mu raba matsalolin nan biyu, domin koren da ka gani ba takarda ta jawo shi ba. Inji mai launi shida yawanci ba shi da tawadar toka-toka, saboda haka idan ya zo buga duk abin da ke tsakanin baƙi da fari, sai ya gauraya shuɗi da ja da rawaya har su ba da toka-toka. Idan ɗaya daga cikinsu ya rinjaya ko da kaɗan ne, ido zai kama shi nan take, kuma ratsin yakan sauya da sauyin haske, ya zama kore a ƙarƙashin wani haske, ya koma ruwan hoda a ƙarƙashin wani. Ko ka sayi takardar da ta fi kowace tsada, wannan ratsi zai bi ka cikinta.

Tawadar da ake bukata ita ce mai ƙwayoyin launi. Tawadar rini narkakkiya ce kamar ruwan baba a marina, tana shiga takarda da kyau amma rana tana cin ta. Mai ƙwayoyi kuwa ƴar'uwar tawadar malamai ce, wadda ake haɗawa da baƙin tukunya da ƙaro, domin baƙinta ƙananan ƙwayoyin gawayi ne da ke zama a kan takarda, shi ya sa take daɗewa. Epson SureColor P700 da Canon imagePROGRAF PRO-300 duk suna aiki da irin wannan tawada, kowanne yana da kwalba goma, a ciki akwai toka-toka, kuma suna buga girman A3+, wato milimita 329 a 483. Kowannensu yana da baƙi iri biyu, ɗaya na takarda mai sheƙi, ɗaya na marar sheƙi, kuma idan aka buga takardar auduga da baƙin da ba nata ba, dole ta fito a dushe. Rabin abin da ya sami fuskokin dattawanka ke nan. Idan sayen irin wannan inji bai samu ba yanzu, hotuna 20 ba su kai a ci bashi dominsu ba. Ka nemi mai shi a Yamai ko a Kano, ka tambaye shi irin tawadar da ke ciki, sa'an nan ku yi maganar takarda.

Sauran rabin kuwa daga takardar yake, kuma a nan nake so ka tsaya ka yi tunani. Kowace takarda tana da iyakar baƙin da za ta iya nunawa, abin da kamfanoni ke rubutawa Dmax. Takardar auduga marar sheƙi tana tsayawa wajen 1.6 zuwa 1.7, mai sheƙi kuwa tana kaiwa 2.2 ko fiye. Tazarar ta fi yadda lambobin suka nuna, domin baƙi mai 1.6 yana mayar da kusan kashi 2.5 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa, mai 2.3 kuwa rabin kashi ɗaya kawai yake mayarwa, wato ya ninka wancan duhu sau biyar. Ga wanda yake ɗaukar dusar ƙanƙara a Turai wannan ba wani abin damuwa ba ne. Mu kuwa fuskokin mutanenmu a ɓangaren duhu na hoto suke zaune. Ka ɗauki dattijo majemi a inuwar zaure, da baƙin rawani a kansa: tsagar da ke kumatunsa, da layukan goshinsa, da naɗin rawanin, da duhun zauren da ke bayansa, dukkansu baƙi ne a kan baƙi, kuma abin da ke raba su ɗan mataki ne ƙarami. Takardar da baƙinta bai yi zurfi ba takan matse waɗannan matakai wuri guda, sai rawani da fuska da zaure su zama abu ɗaya.

Saboda haka, ga hotunan fuska da na hawan sallah, shawarata ita ce barita. Asalinta takardar ɗakin duhu ce, wadda ake shafa wa farin sinadarin bariyom salfet kafin a ɗora abin da ke kama haske, kuma a kan irinta ake wanke manyan hotunan mai ɗaukar hoto Seydou Keïta na Bamako da ake bajewa a gidajen tarihi. Masu yin takardar inji sun kwaikwayi wannan fuska. Sheƙinta ba irin na takardar hoton biki ba ne mai ƙyalli kamar leda; ya fi kusa da sheƙin turkuɗi da ya sha bugu, wanda sai ka karkata shi yake bayyana. Kamfanin Hahnemühle na Jamus, wanda aka kafa a 1584, yana yin FineArt Baryta mai nauyin giram 325 a murabba'in mita, fara tas, da Photo Rag Baryta mai giram 315, wadda auduga ce zalla kuma farinta ya ɗan karkata zuwa ruwan madara. Canson na Faransa yana da Baryta Photographique II mai giram 310, da Platine Fibre Rag mai giram 310, wadda ba ta da bariyom a jikinta amma tana ba da kusan irin wannan zurfi. Da ni ne zan wanke dattawan majema, da Photo Rag Baryta ko Platine zan ɗauka, domin baƙar fata takan fi rai a kan fari mai ɗan ɗumi.

Wannan bai sa takardar abokinka ta zama marar amfani ba, an dai ba ta aikin da ba nata ba ne. Bangon Birni da hantsi ya haska zanensa, ko duwatsun gari da hazon hunturu ya lulluɓe, ko ƙurar da dawakai suka tayar har mahayan suka zama inuwa, duk hotuna ne da ransu yake a tsakiya da ɓangaren haske, kuma auduga marar sheƙi tana ba su laushin da barita ba ta iyawa. Photo Rag ta Hahnemühle mai giram 308 da Rag Photographique ta Canson mai giram 310 su ne waɗanda aka fi sani, dukansu masu santsin fuska. Akwai masu kaushi, irin German Etching, waɗanda ke ƙara wa bangon laka armashi, amma kada ka kusantar da su ga fuskar mutum, domin kaushin yana cinye ƙananan layuka. Marar sheƙi tana da wata fa'ida da ba a cika faɗi ba, wato ana ganin ta daga kowace kusurwa. Idan ɗakin da za ka baje hotunan yana da ƙofa ko taga a gaban bangon, hasken garin nan zai yi ta wasa a kan barita da gilashinta har mai kallo ya riƙa kauda kai yana neman hoton. Ka je ka ga ɗakin da tsakar rana kafin ka yanke shawara. Kuma ban ga laifi ba idan ka raba aikin gida biyu, fuskoki a bango ɗaya a kan barita, gine-gine a wani bangon a kan auduga, muddin ba ka cakuɗa su a layi ɗaya ba.

Sai maganar fari, wadda ta shafi manyan riguna da rawunan hawan sallah. Inji ba shi da farar tawada, don haka farin rigar da ke hoton farin takardar ne kawai. Wasu takardu ana sa musu sinadarin ƙara fari, wanda ake rubutawa OBA a jikin kwali, irin wanda ke cikin garin sabulun wanki. Yana shan hasken rana da ido ba ya gani, ya mayar da shi shuɗi-shuɗi, sai takarda ta yi kamar ta fi fari. Da shekaru sun ja ƙarfinsa yakan ƙare, takarda ta koma launinta na asali, wani lokaci ba daidai wa daida ba. A ƙasa mai rana irin tamu, hoton da za a saya a rataye shekara da shekaru gara a buga shi a takardar da ba ta da wannan sinadari, kuma Platine da Rag Photographique da Photo Rag Baryta duk ba su da shi. Ka tabbata kuma an rubuta cewa takardar ba ta da asid. Duk wanda ya taɓa buɗe tsoffin littattafan malamanmu ya ga hujjar wannan: takardar Italiya mai alamar jinjirin wata uku, wadda ayari ke kawowa ta hamada, yawanci daga tsummoki aka yi ta, kuma har yau tana lanƙwasuwa ba ta karye ba, alhali jaridar shekara 30 ta zama ja tana rugurgujewa a hannu.

Nauyin takarda ba ya ƙara wa hoto kyau, a hannun mai saye kawai ake jin sa. Abin lura shi ne takarda mai giram 300 ta ninka ta ofis kauri sau huɗu ko biyar, saboda haka ɗaya-ɗaya ake sa ta a inji, ta ƙofar da aka tanadar wa takarda mai kauri. Gwaje-gwajen farko kuwa ka yi su a takarda mai rufin roba mai ɗan sheƙi, wadda ta fi araha nesa ba kusa ba.

Abin da takardun kamfani ba za su gaya maka ba shi ne yadda yanayin Damagaram yake yi da waɗannan takardu. Na taɓa buga hotuna shida a auduga marar sheƙi cikin watan Janairu, ranar da hazo ya rufe gari. Sun fito lafiya, amma washegari da na hura ƙurar da ke kansu sai ga fararen ɗigo kamar gero a cikin baƙin rawani, domin ƙura ta riga ta sauka a takardar kafin tawada, tawadar ta hau kan ƙurar, ƙurar ta tashi da ita. Tun daga ranar nake share kowace takarda da burushi mai laushi kafin ta shiga inji, ina yayyafa ruwa a daɓen ɗaki, ina rufe taga, kuma da sassafe nake aiki kafin iska ta tashi. Bushewar iska tana sa barita ta nannaɗe a gefe, kuma idan gefen ya ɗaga, kan injin da ke fesa tawada yakan goge shi ya bar baƙin tabo. Ka lanƙwasa kusurwoyin baya a hankali, ka ɗaga tazarar kan injin a wurin saiti. Zafin Afrilu da Mayu, da ke wuce digiri 40, yana busar da tawada a bakin injin, saboda haka kada ya kwana bakwai bai buga ko ƙaramin abu ba. Da damina kuma laima da gara ne abin tsoro, don haka kwalin ya kwanta a shimfiɗe cikin ledarsa, a kan kanta, nesa da bango. Fuskar takardun nan ba ta son yatsa, a gefe ake riƙe su. Bayan bugu ka bar hoto ya sha iska awa 24 da farar takarda a kansa, kuma wajen sa shi a firam ka sa kwali marar asid tsakaninsa da gilashi, domin barita tana manne wa gilashi idan ta ji laima.

Kada ka fara da sayen babban kwali mai takarda 25. Hahnemühle da Canson duk suna sayar da ƙunshin gwaji na girman A4 mai ɗauke da iri-iri, shi za ka sa a fara aiko maka. Ka zaɓi hoto ɗaya mai wahala, wanda ya haɗa baƙar fuska a inuwa da farar riga mai aiki a ƙirji, ka rage hasken allon kwamfutarka, domin yawancin masu kukan hoto ya fito da duhu allonsu ne ya cika haske. Ka buga shi a takarda huɗu, kowace da furofayil na ICC, wato fayil ɗin saitin launi, da kamfanin takardar ya tanadar wa wannan takarda da wannan inji, wanda ake saukewa kyauta a shafinsu na intanet, kuma ka rubuta sunan kowace a bayanta da fensir. Washegari ka kai su ɗakin da za a baje hotunan, ka jingina su a bango, ka ɗora gilashi a kan rabin kowanne, ka ja da baya taku uku. Abu biyu za ka duba: ko kana iya raba rawani da duhun zaure, da ko zaren aikin rigar yana nan bai ɓace cikin fari ba. Takardar da ta ba ka duka biyun, ita za ka yi oda, ka ƙara guda biyar a kan ashirin ɗin saboda ɗaukewar wuta a tsakiyar bugu.