Sun ce sun karɓi littafina, amma sai na biya dala 1,200

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya. Shekara uku na yi ina rubuta wani ƙagaggen labari da Hausa, daga baya ƙanena ya taya ni mayar da shi Turanci. Na sayi jerin sunayen kamfanonin wallafa a hannun wani mutum a Facebook kan naira 10,000, wai guda 500 ne daga ƙasashen duniya. Na aika wa bakwai. Shida shiru har yau, ɗaya kuwa cikin kwana huɗu suka ce kwamitinsu ya yaba da labarin, amma sai na ba da gudummawar dala 1,200 kafin ƙarshen wata. Ina shirin sayar da sarƙa da 'yan kunnen gwal da mahaifiyata ta bar mini, maigidana ya ce in tambaya tukuna. Barci ya gagare ni, ina tsoron damar ta kuɓuce. Haka ake yi? Kuma akwai wani kundi na kamfanoni da mutum zai amince da shi?

Wata 'yar'uwa daga Gusau

Amsa:

Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, mayar da sarƙar nan inda kika ɗauko ta, ki kuma gode wa maigida da ya ce a tambaya. Kada ki tura wa mutanen nan ko sisin kwabo. Zan zo kan dalili, amma bari in fara sallamar maganar kundi, don ita ce mai sauƙi.

Kundayen gaskiya suna nan, sun kuma daɗe. A Ingila akwai Writers' & Artists' Yearbook, wanda ake fitarwa duk shekara tun 1906, yanzu kamfanin Bloomsbury ke buga shi. A Amurka akwai Writer's Market, da ya fara a 1921, bugu na 100 ya fito a 2021. A intanet akwai QueryTracker ga mai neman wakili, wato wanda ke nema wa marubuci kamfanin da zai wallafa littafinsa, da Duotrope ga mai gajerun labarai da waƙoƙi. Abin da suke ba ki shi ne sunan kamfani ko wakili, irin rubutun da yake karɓa, wanda ba ya so, da yadda za a aika masa. An kuma taɓa yi wa marubutan Afirka nasu jagoran, The African Writers' Handbook, a 1999. Shawarwarinsa suna da amfani har yau, adireshinsa kam sun tsufa. Tsufan nan shi ne cutar kowane kundi. Kamfanoni suna rufewa, editoci suna sauya wurin aiki. Ko a nan gida, duk jerin da aka haɗa kafin ƙarshen 2023 zai nuna miki OkadaBooks a matsayin wurin sayar da littafi, alhali a watan Nuwamban shekarar ta rufe. Jerin da aka sayar miki kan naira 10,000 kuwa, na ga ire-irensa da yawa: tsofaffin adireshi ne da aka kwaso kyauta, aka cakuɗa na kirki da na banza, ba wanda ya tantance ko ɗaya. Ko a kundin kirki ma, ganin suna ba shaidar gaskiyar mai sunan ba ce. Adireshi aka ba ki, binciken yana wuyanki.

To, ga abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, wanda kusan kowane mako sai na maimaita shi ga wani. Mutanenmu sun ɗauka cewa ƙa'ida ce marubuci ya biya kafin a wallafa littafinsa. Na san inda wannan fahimta ta samo asali. A bakinmu kalmar “maɗaba'a” tana ɗaukar abu biyu, kuma “buga littafi” ma haka. Akwai mai injin bugawa, wanda kike kai wa aiki ki biya kuɗin takarda da tawada da ɗinki, ya miƙo miki kwafinki dubu ki ɗora a mota. Akwai kuma kamfanin wallafa, wanda shi ke zuba kuɗinsa: ya biya edita, ya biya mai zanen bango, ya biya mai inji, ya kai littafin shaguna da makarantu, sannan ya riƙa ba ki kasonki daga abin da aka sayar, galibi wajen kashi 10 cikin 100. Tun tsakiyar shekarun 1980, da marubutan Kano suka ga kamfanoni ba sa waiwayar labaransu, suka koma bugawa da kuɗinsu suna kai wa 'yan kasuwar Sabon Gari, hanyar farko ta zama ita ce kowa ya sani. Ba laifi ba ce, hanya ce mai mutunci, da ita aka raya karatun Hausa a gidaje. Amma duba da kyau: wanda ya biya mai inji, littafin nasa ne, kwafin nasa ne, ribar tasa ce, haƙƙin mallaka yana hannunsa.

Mutanen da suka rubuto miki ba su cikin ko ɗaya daga biyun nan. Sun ɗauki sunan kamfanin wallafa, sun karɓi kuɗi kamar masu inji, sannan a ƙarshe su riƙe haƙƙin littafin da mafi yawan kuɗin ciniki, in ma an yi cinikin. Kin biya, kuma ba ki mallaki komai ba. Kasuwancinsu ba da mai karatu yake ba, da ke yake. Ranar da dalarki 1,200 ta shiga asusunsu, sun ci ribarsu, ba abin da zai sa su wahalar da kansu wajen tallar littafin. Shi kuwa wanda ya zuba kuɗin aljihunsa dole ya yi ta fafutukar sayarwa, don in littafin ya kwanta shi ne ya yi asara. Shi ya sa kamfanin kirki yake da tsantseni, yake ɗaukar watanni kafin ya amsa, yake ƙin mafi yawan abin da aka aiko masa. Shirun kamfanoni shidan nan bai ba ni tsoro ba. Amsar kwana huɗu ita ce abar tsoro. Wane kwamiti ne ya karanta labari sukutum, ya zauna, ya yanke shawara cikin kwana huɗu? Koma ki sake karanta wasiƙar. Sun ambaci sunan ko mutum ɗaya daga cikin taurarin labarin? Sun ce ga babin da ya yi rauni, a gyara? Na tabbata yabo ne zalla, irin wanda za a iya liƙa wa kowane littafi. Wa'adin ƙarshen wata kuma an sa shi ne don kada ki sami sararin yin abin da kika yi yanzu, wato tambaya.

Kada ki ce ai Turawa ne, ba za su yi haka ba. A can cutar ta fi ƙarfi. A 2022 ƙungiyoyin marubuta biyu na Birtaniya, Society of Authors da Writers' Guild, sun bincika irin waɗannan kamfanoni da ake biya, suka tarar kashi 94 cikin 100 na marubutan da suka amsa tambayoyinsu asara suka yi. Tun 1998 akwai wani shiri mai suna Writer Beware a Amurka, ba shi da aikin da ya wuce tattara ƙorafe-ƙorafe a kan 'yan damfarar marubuta. Rubuta sunan kamfanin nan tare da Writer Beware a Google ki ga abin da zai fito. Kyauta ne, minti biyar ya isa.

Sunayen da suke raɗa wa kuɗin ma suna da yawa: gudummawa, haɗin gwiwa, kuɗin tace rubutu, kuɗin talla, ko su ce ba za ki biya komai ba amma wajibi ne ki sayi kwafi 300 daga wurinsu. Duk kanwar ja ce. Haka masu kiran kansu wakilai da ke neman kuɗin karatu. Wakilin gaskiya kashi 15 cikin 100 yake ɗauka, kuma sai bayan ya sayar da littafin. Ƙungiyar wakilan marubuta ta Amurka ma ta haramta wa mambobinta karɓar kuɗin karanta rubutu. Na taɓa zama da wani malamin makaranta da ya sayar da babur ɗinsa ya biya irin wannan kamfani. Bayan wata tara aka aiko masa kwafi goma. Duk inda ƙ da ɗ da ɓ suke a sunayen mutanen labarin sun koma 'yan akwatuna, alamar ba mahalukin da ya buɗe littafin kafin a buga. Ya so ya sake bugawa a gida, sai muka duba takardar da ya sa wa hannu, ashe ya sallama haƙƙinsa. Hawayen dattijon nan ban manta su ba, kuma su ne suke sa in ɗaga murya idan aka zo wannan magana.

Za su kuma yi miki burga da lambar ISBN, kamar wata lambar girma. Lamba ce mai alƙaluma 13 da ake gane littafi da ita a kasuwa, nan ta tsaya. A Nijeriya Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ke bayar da ita, kuma ke da kanki za ki iya nema, sai dai ki shirya wa zirga-zirgar ofis, ki kuma kai musu kwafi uku bayan an buga kamar yadda doka ta ce. ISBN ba ta ba ki haƙƙin mallaka, ba ta kuma kare shi. Haƙƙin ya zama naki tun ranar da kika rubuta labarin, yana nan tsawon rayuwarki da shekara 70 bayanki, gadon 'ya'yanki ne. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta ce ba ya barin hannunki sai da rubutacciyar yarjejeniya. Ga inda haɗarin yake kenan: sa hannu. Wannan gargaɗin ya shafi 'yan kasuwarmu na gida da masu manhajojin karatu ma, waɗanda ke ce wa marubuciya ta sayar musu da labari kacokan kan kuɗi kaɗan. Kafin ki sa hannu a kowace takarda, ki nemi amsar abu huɗu a rubuce: shekara nawa, a waɗanne ƙasashe, da wane harshe, kuma ya haɗa da fim da karantawa a rediyo ko YouTube? Abin da ba a biya ki kuɗinsa ba, kada ki bayar.

Yanzu ina za ki nufa? Ni dai a ganina kin fara da nesa kin bar kusa. Masu karatunki na farko Hausawa ne. Da wuya ki sami wani kundi na ƙasashen waje da zai nuna miki mai wallafa labarin Hausa, don haka naki kundin ke za ki haɗa shi, kuma hanyar ba wuya. Shiga shagon littattafai, ɗauki littattafai goma da suka yi kama da naki waɗanda suka fito cikin shekara biyar ɗin nan, buɗe shafin da ke bayan sunan littafi, rubuta sunan wanda ya wallafa. Wanda kika ga littafinsa a kan kanta, shi ne mai iya kai naki kan kanta. Sannan ki nemi marubuci ɗaya ko biyu da suka yi aiki da shi ki tambaye su a asirce: an biya ku? Ana kawo muku lissafin ciniki? Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, ANA, wadda aka kafa a 1981, tana da rassa a jihohi, a zamansu ne ake jin wanda ke biya da wanda ke cinyewa. Ƙungiyar kamfanonin wallafa ta ƙasa, NPA, da ke Ibadan, tana da jerin mambobinta, ko da yake yawancinsu littattafan makaranta suka fi mayar da hankali a kai. A Zariya akwai tsohon kamfanin wallafa NNPC, wato Northern Nigerian Publishing Company, tun 1966. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 domin mata, ta fito da sunayen marubuta da dama, kuma ba a biyan kuɗin shiga.

Na Turancin kuma, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa: fassarar ƙane, komai ƙoƙarinsa, tana buƙatar idon ƙwararren edita kafin ta fita. In kina da kuɗin kashewa, nan ne wurinsa, domin aiki kika saya kuma littafin yana hannunki. Bayan haka ki duba kamfanonin gida masu buga ƙagaggun labarai, irin su Cassava Republic da Masobe da Farafina. Kowannensu yana da ƙa'idar karɓar rubutu da lokacin da yake buɗe ƙofa, ki bi ta sau da ƙafa. Manyan kamfanonin Ingila da Amurka galibi ba sa duba rubutun da bai biyo ta hannun wakili ba, a nan ne Yearbook da QueryTracker za su yi miki rana, matuƙar bugu na bana kika duba.

Mutanen dala 1,200 kuwa, in kina son ki gani da idonki, aika musu layi uku. Ki ce su turo cikakkiyar yarjejeniyar, su faɗi shagunan da littattafansu suke a kan kanta, su kuma gaya miki kwafi nawa littafinsu na bara da ya fi kasuwa ya sayar. Za su rage miki farashi, ko su ƙara matsa miki da wa'adi, amma tambayoyin ba za su amsa ba. In kin riga kin tura musu cikakken labarin, ki adana wasiƙun da kwanan watansu, ki kuma rubuta musu a fili cewa ba ki ba su izinin buga ko shafi ɗaya ba.