Me ya sa takarda ke hargitsewa idan aka buɗe ta a wata kwamfuta?

Malam, ka ce ka tsara takarda tsaf a Word, amma da ka buɗe ta a wata kwamfuta za ka buga, sai layuka suka zame, shafi biyu ya koma uku.

Galibi salon haruffa ne. Idan babu irin wanda ka yi rubutu da shi a waccan kwamfutar, Word sai ya sa wani a madadinsa, faɗinsu kuwa ba ɗaya ba ne, shi ya sa rubutun ke turuwa gaba. Kafin ka fitar da takardar, danna F12 don sake ajiye ta, a wurin zaɓen nau'in fayil ka ɗauki PDF, don shi yana tafiya da haruffansa. Kada dai ka goge ta Word ɗin, gyara a PDF akwai wuya.

Sai girman takarda. A4 faɗi da tsawonta milimita 210 ne da 297, Letter ta Amurka kuwa 216 da 279. Idan aka tsara a A4 aka buga a Letter, ƙasan shafi kan yanke. Danna Ctrl da P, ka daidaita girman, ka buga shafi ɗaya tak ka gani kafin ka saki sauran.