Awa nawa ne daga Kano zuwa Jidda a jirgi?

Tambaya: Malam, mahaifiyata za ta tafi Umara. A tikitinta, jirgi zai tashi Kano ƙarfe 9 na safe ya sauka Jidda ƙarfe 3:45 na yamma. A dawowa kuwa zai tashi ƙarfe 9 na safe ya iso Kano ƙarfe 11:45. Yaya zuwa ya ci kusan awa bakwai, dawowa bai kai awa uku ba? Hajiya na fama da ciwon ƙafa, shi ya sa nake son sanin gaskiyar zaman da za ta yi. Daga wani mai karatu a Haɗeja.

Amsa: Allah ya ba Hajiya lafiya, ya karɓi ibadarta. Ɗan'uwa, tikitin daidai yake, agogo ne ya rikita lissafin. Kowane lokaci da aka rubuta a tikiti, lokacin garin da ake magana ne. Saudiyya tana gaban Nijeriya da awa 2. Idan agogon Jidda ya nuna 3:45, a Kano 1:45 ne. Cire awa biyu daga zuwa, ka ƙara su a dawowa, za ka ga duka biyun awa 4 da minti 45 ne.

Tsakanin filin jirgin Malam Aminu Kano da filin Sarki Abdul'aziz na Jidda kimanin kilomita 3,400 ne a miƙe. Babban jirgin fasinja yana gudun kilomita 850 zuwa 900 a awa idan ya daidaita a sama, wato kusan awa huɗu. Ragowar mintocin na tafiya ne wajen jan jiki zuwa titin tashi, hawa sama, da jiran izinin sauka, wanda kan daɗe a Jidda lokacin cunkoson maniyyata. Iska ma tana ƙara ko rage 'yan mintoci.

Miƙaƙƙiyar hanyar tana bi ta yankin Tafkin Chadi, ta ratsa Chadi da Sudan, ta tsallaka Bahar Maliya. Kusan sawun kakanninmu ne da suka yi ta a ƙasa, wata da watanni, wasu shekaru, har da yawa suka zauna a Sudan, kamar mutanen garin Mai Wurno. Duk sanda na duba wannan layi a taswira sai na tuna da su.

Amma ga inda nake so ka kula. Lokacin da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023, an rufe sararin samaniyarta, jiragen alhazanmu suka koma zagaye, abin da ya ƙara wa tafiyar awa biyu ko fiye, da kuɗin mai. Don haka ka tambayi kamfanin jirgin hanyar da za su bi a ranar, da kuma ko akwai yada zango a wani gari.

Saboda ƙafar Hajiya, ka nema mata kujerar bakin hanya, ba ta jikin taga ba, domin ta riƙa miƙewa tana ɗan takawa, ta kuma sha ruwa sosai. Ka nemi keken guragu tun kafin ranar tafiya, don takun da ke cikin filin Jidda yana da tsawo. Su kuma masu tarbarta a Kano, 11:45 ɗin agogonsu ne.