Tambaya kan "atheist", "agnostic" da "sceptic": duk kafiri ne?

Wata ɗaliba mai koyon fassara ta aiko da tambaya: "Malam, an ba mu wani labari mu mayar da shi Hausa, a ciki akwai atheist da agnostic da sceptic. Na fassara su duka da kafiri, sai malaminmu ya ja musu layi da jan biro. Ina kuskurena?"

'Yata, malaminki ya yi daidai. Gero da dawa da maiwa kika zuba a buhu ɗaya.

Atheist daga Girkanci take: harafin "a" na korewa ne, "theos" kuma abin bauta. Shi ne mutumin da ya ce sam babu Allah. Malamanmu na zaure sukan ce mulhidi, aro daga Larabci, amma a jarida gara ki rubuta "wanda bai yarda akwai Allah ba", kowa zai gane. Kafiri kuwa kalma ce ta hukuncin addini, kuma ta fi wannan faɗi. Mai bautar gunki ai ya yarda akwai abin bauta, don haka Bature ba zai kira shi atheist ba. Har ma a zamanin daular Rum, da sunan atheist aka riƙa jifan Kiristocin farko, saboda sun ƙi yi wa gumakan Romawa yanka.

Agnostic yarinyar kalma ce, an san wanda ya raɗa mata suna. Thomas Huxley ne, masanin halittu ɗan Ingila, abokin Charles Darwin, ya ƙirƙiro ta a 1869 don ya bayyana matsayin kansa. Tushenta shi ne "abin da ba a sani ba". Mai wannan ra'ayi bai ce akwai ba, bai ce babu ba, cewa yake ɗan Adam ba shi da hanyar tabbatarwa. Ba mu da kalma guda da ta yi mata daidai, kuma wannan ba aibu ba ne ga Hausa. Ki warware ta da jimla: "mai ganin ba za a iya sanin ko akwai Allah ba".

Ta ukun ce ta fi tayar mini da hankali. Sceptic, wadda Amurkawa ke rubutawa da "k", asalinta mai dubawa ne, mai bin diddigi. A Ingilishin yau sau da yawa ba ta da alaƙa da addini ko kaɗan. Manomin da aka kawo masa sabon irin masara, ya murza ƙwayar a tafin hannu, ya ce sai ya ga yabanya tukuna, shi ma sceptic ne. Mai tantama ke nan, mai kokwanto. In kika rubuta masa kafiri, kin ɗora wa bawan Allah abin da bai faɗa ba, kuma a ƙasarmu kin san irin wutar da wannan kalma take iya kunnawa.

Tun da mun zo nan, bari in ƙara miki doubt, uwar su duka. Ta fito daga Latin "dubitare", wadda ke da dangantaka da "duo", wato biyu: zuciya ta rabu gida biyu. Harafin "b" ɗin ba a furta shi, marubuta ne suka cusa shi daga baya don ta yi kama da Latin. Abin da ya fi burge ni shi ne a tsohon Ingilishi doubt tana nufin tsoro ma. To, ki saurari tamu. "Ina shakkar labarin nan" kokwanto ne, amma in saurayi ya bugi ƙirji ya ce "ba na shakkar kowa", tsoro yake nufi. Harsuna biyu da ba su haɗa kaka ba sun bi hanya ɗaya.

Za ki kuma ci karo da doubting Thomas. Daga Linjilar Yohanna ne, sura ta 20, inda Toma, almajirin Yesu, ya ce ba zai gaskata cewa Yesu ya tashi daga matattu ba sai ya ga gurbin ƙusoshin gicciye a hannuwan Yesu da idonsa. Yanzu duk wanda ba ya karɓar magana sai ya gani, haka ake ce masa, ko da a kan farashin kaya ne. Kada ki saka sunan Toma a fassararki, mai karatu zai ɓata. Ki ce mutumin ɗan "gani ya kori ji" ne.