Me ya sa ake cewa "made us sweep" amma kuma "were made to sweep"?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a Zariya, ina shirin rubuta WAEC. Na rubuta "The teacher made us to sweep the class", malaminmu ya soke "to" da jan biro. Sai ga shi a littafin karatu na ga "We were made to sweep the class". Wanne ne daidai? Kuma yaushe ake amfani da "make", yaushe ake amfani da "do"?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Malaminku yana da gaskiya, littafin ma yana da gaskiya. Jimlolin biyu ba gininsu ɗaya ba.

A jimlarki "make" na nufin sa wani ya yi abu, sau da yawa ba da son ransa ba. Idan wanda ya sa aikin ne ya zo a farkon jimla, aikatau na biyu yana zuwa tsurarsa, babu "to" a gabansa: "The teacher made us sweep", "The smoke made me cough", "Don't make her cry". Amma da zarar an juya jimlar, wanda aka sa aikin ya dawo gaba, kamar yadda muke cewa "an sa mu shara", to dole "to" ya fito: "We were made to sweep", "He was made to pay". Haka "see" da "hear" suke yi: "I saw him leave", amma "He was seen to leave".

Dalilin da ya sa ɗalibai da yawa ke faɗawa wannan rami shi ne 'yan uwan "make" a ma'ana da yawansu suna ɗaukar "to": "force him to go", "cause it to fall", "get her to sign". Sai kunne ya saba, hannu ya bi. Turancin zamanin da shi ma yana sa "to" a nan, domin a fassarar Baibul ta 1611 akwai "He maketh me to lie down". Amma Turancin yau ya bar wannan, kuma da shi ake duba takardar jarrabawa. Abokan tafiyar "make" a rashin "to" su ne "let" da "have": "Let him go", "I had the tailor shorten it". Wannan wuri nake so ki fi riƙewa, don ana yawan kawo shi a tambayoyin cike gurbi.

Akwai gini na biyu mai sauƙi, inda sifa ko suna ke biyo bayan wanda abin ya shafa: "The news made her happy", "They made him captain". Ba a cewa "made her to be happy".

Sai batun "make" da "do". Mu a Hausa "yi" ɗaya ya ishe mu: yi kuskure, yi aiki, yi surutu, yi alkawari. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka yi boko da Faransanci su ma suna shan wannan wahala, don "faire" ta haɗa duka biyun. Turanci kuwa ya raba. Ana yawan cewa "make" na samar da abin da babu shi a da, "do" kuma na aiwatar da aiki. Wannan na taimakawa: "make tea", "make a noise", "make a mistake", "make a promise", "make a decision", "make money", "make friends", ga kuma "do your homework", "do business", "do the dishes", "do your best", "do me a favour". Sai dai kada ki jingina da ƙa'idar gaba ɗaya. Mai gyara shimfiɗa bai ƙera gado ba, amma "make the bed" ake cewa, ɓarna kuma ana samar da ita ne, amma "do damage" ake cewa. Wani "yi" ɗin ma ba ya zuwa da ko ɗaya daga cikinsu: yin ƙarya "tell a lie" ne, yin wanka "have a bath" ko "take a bath", yin addu'a "say a prayer". Shi ya sa nake ce wa ɗalibaina kada su haddace "mistake" ita kaɗai, su rubuta "make a mistake" gaba ɗaya a littafinsu, su riƙe ta kamar kalma guda.

Ki lura da abin da ke bin "made" wajen maganar kayan haɗi. Idan ana iya ganin asalin abin, "of" ne: "The bag is made of leather". Idan ya sauya kama, "from" ne: "Fura is made from millet". Idan wurin da aka yi abin ne, "made in" ake cewa; idan wanda ya yi shi ne, "made by".

Kaɗan daga cikin haɗe-haɗen yau da kullum: "make sure" tabbatarwa, "make sense" yin ma'ana, "make up your mind" yanke shawara, "make up a story" ƙirƙiro labari, "make it" samun nasara ko isa wuri a kan lokaci.

Abu na ƙarshe, "make we go" da "make I see" da kike ji a tasha da kasuwa Pidgin ne, kuma daidai suke a harshensu, wanda miliyoyin 'yan Nijeriya ke magana da shi. A takardar jarrabawa dai "let us go" da "let me see" za ki rubuta. Allah ya ba da sa'a.