Maganar sa wa Land Cruiser ɗin Alhaji injin dizal

Yarona na ga saƙonka. Ka ce Alhajin nan mai tsohuwar Land Cruiser FJ75 ya dawo bayan fitata, wai yana so a sauke masa injin fetur a ɗora na dizal, kana tambaya ko zai yiwu kuma nawa za ka ce masa. Zai yiwu sarai, ana yi, amma kar ka yanka masa kuɗi tukuna don daga kai har shi kuɗin inji kawai kuke lissafi, alhali injin shi ne ma mai sauƙin a cikin aikin.

Wanda ke cikinta yanzu 3F ne, silinda shida lita 4 mai kafireto, ƙarfe ne na gaske amma shan mai gare shi, tun da aka cire tallafin fetur a 2023 kowa mai irinta kuka yake. Abin da ya dace da ita 1HZ ne, shi ma silinda shida, lita 4.2, Toyota ta fito da shi a 1990, ba turbo ba kwamfuta, shi ya sa direbobin Agadas da masu shiga sahara suka yarda da shi, ko a daji ya tsaya da sifana za ka lallaɓa shi. Sai dai ka gaya wa Alhaji gaskiya, dokinsa wajen 130 ne, a kan kwalta bai kai 3F zafin tashi ba, ƙarfinsa a ja yake, cikin yashi da lodi. Kuma litar dizal a nan Najeriya ba araha gare ta ba, sau da yawa ma ta fi fetur tsada, ribar a ƙarancin sha take. In motar gona da ƙauye ce kullum tana kan hanya to zai maida kuɗinsa, in ko daga gida zuwa kasuwa ne kawai ni shawarata a gyara masa kafireto ya haƙura.

To in ya ce a yi, ba inji tsirara za mu saya ba, hafkot za mu nema na HZJ75, Cruiser irin tasa mai 1HZ, wato gaban motar gaba ɗaya da giyabos da ogzilari da lagireto da wayoyi da sitin inji, mazaunin da yake hawa a kai. Dalili, giyar da ke bayan 3F ba ta ɗaura a 1HZ haka nan, belhausin daban, sandar da ke shiga kuloci ita ma daban, in ka ce sai ka haɗa su da dabara za ka ƙare wajen masu injin tonin kana ta sassaƙa ƙarfe kuma kulocin ba zai taɓa zama daidai ba. Sannan ka kula, a Ƙofar Ruwa ko Panteka za a iya nuna maka 1HZ mai kyau da ɗan sauƙin kuɗi ashe daga Coaster aka ciro shi. Injin ɗaya ne amma kaskon baƙin mai ba irin na Cruiser ba ne, zai iya taɓa aksil ɗin gaba in mota ta faɗa rami, kuma yawancinsu bolt 24 ne motarmu kuwa 12 ce, kenan kik da altaneta da hita mai ɗumama silinda duk sai an canza.

Yanzu ka buɗe kunne, maganar birki. Sabo na birki, wato tukunyar da ke sauƙaƙa taka feda, da iskar zuƙa yake aiki, a motar fetur daga manifol yake samunta kyauta, shi dizal ba ya yin wannan zuƙar, don haka yana da famfonsa na musamman a gaban inji wajen giyoyin tayimin. In aka sayar maka da inji babu famfon nan ko ya mutu, ko ka manta ba ka ja tiyo zuwa sabo ba, mota za ta tashi lafiya ta yi tafiya lafiya, sai an zo taka birki a ji feda ta yi tauri kamar dutse, mota mai nauyin tan biyu da mutane a baya. Wallahi wannan ba wurin wasa ba ne, duk motar da muka yi wa wannan aikin ba ta fita gareji sai na taka birkin da ƙafata.

Tanki kuma sai an sauke shi an wanke tas ya bushe, fetur in ya shiga famfon injekta yana cinye shi don dizal ne ke masa aikin maiko. A ja tiyon da ke maida rarar mai tanki, a sa filtar dizal mai raba ruwa mai famfon hannu a kai, ka san irin man da ake samu a hanya. Mai waya zai haɗa hita da rile ɗinta da solenoyid mai kashe inji, in ba haka ba ka murɗa makulli mota ta ƙi tashi, batir kuma babba don matsin silinda ya haura ninki 22, ƙaramin batir ba zai juya shi da sanyin hunturu ba. Salansa sabuwa za a lanƙwasa tun da ba gefe ɗaya take fita ba. Sitin inji in bai faɗa daidai ba kar mai walda ya taɓa shasi sai an rataya injin da giyarsa an ga farfela ta miƙe.

Ranar saye da asuba za mu je a tada shi da sanyi a gabanmu, mu buɗe murfin baƙin mai mu ga ko yana huci, in yana feso hayaƙi ringi sun tafi. Belt ɗin tayimin ko me mai kaya ya rantse sabo za mu sa, a kilomita 100,000 ake canza shi kuma in ya tsinke bawul da fistin ne za su haɗu. Rasit da takardar kwastan ka riƙe su, lambar inji za ta canza a takardun mota, sai an je ofishin lasisi an gyara.

Gobe ka leƙa ƙarƙashinta da tocila ka duba min shasi wajen sifirin ko akwai tsatsa ko tsagewa, ka turo min hoto, in shasin ya ci to maganar ma ba ta taso ba. Alhaji kuma ka ce masa oga zai kira shi bayan la'asar.